Babur mai gardamar tashi da safe

Ɗan'uwa, ka ce Boxer ɗinka sai ka buga kik kusan sau goma da safe kafin ya tashi, in ya tashi kuma ka murɗa totur sai ya shaƙe ya mutu. Kada ka bari a buɗe maka inji tukuna, da wuya matsalar ta kai can.

Fara da fulogi. Kwance shi ka duba bakinsa. In ka ga ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, mai ya fi iska yawa, kuma a lokacin ƙurar hunturu galibi soson iyakilina, wato matatar iskar inji, ne ya toshe. Wanke soson, ya bushe sarai, ka ɗan shafa masa baƙin mai. In ko fulogin a jiƙe yake, sa shi a hularsa, jingina shi da jikin inji, ka buga kik. Wuta shuɗiya ake so. Ja-ja mai rauni, canza fulogin kawai.

Ni dai na fi zargin kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, musamman in kana shan man 'yan bumburutu. Ruwa da datti suna kwanciya a ƙasan kofinta, su toshe ƙaramin jet ɗin silo, wato ramin da mai ke bi in inji yana aiki a hankali, wanda bai kai bakin allura ba. Sassauta sukurun ƙasan kofin, ka tari man a murfin kwalba. In da ruwa za ka gan shi ya dunƙule a ƙasa. Don Allah kada bakanike ya zura wa jet ɗin waya, faɗaɗa ramin zai yi. Iska ake hurawa.

Da sanyin safiya ja cok, ka bar shi ya ɗumama kamar minti 2. In duk ka yi bai daina ba, a duba saitin bawul.