Amsa ga ƙanwar da hidimar Babbar Sallah ta hana barci a Legas

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce Babbar Sallah ta matso, kuɗin rago bai haɗu ba, 'yan uwa daga gida suna ta bugo waya, ga baƙi da ake sa rai, har barci ya fara gagarar ki, kina tambayar yadda za ki yi kafin kanki ya kulle. Na daɗe a Agege, a nan na aurar da 'ya'yana, don haka bari in gaya miki abin da na gani.

A ganina kunya ta fi aikin Sallar kansa gajiyar da mu. Muna jin nauyin cewa "bana babu hali", sai mu yi shiru, kowa ya ci gaba da sa rai, mu kuma muna ta lissafi cikin dare. Mutanen gida ba mugunta suke yi ba. Wanda bai taɓa zama a Ikko ba gani yake kuɗi a ƙasa ake tsinta. Bai san kuɗin haya na shekara ake biya a dunƙule ba, bai san yadda kuɗin mota da na abinci suka tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba. To ki zauna da maigida tun yanzu, ba a daren jajibiri ba, ku kawo abin da yake hannu da gaske, ku ware na iyaye tukuna, sannan na cefane. Daga nan ki kira waɗanda suke jira ki ce musu ga abin da ya samu, ko kuma bana sai haƙuri. Wani zai yi ƙorafi, amma wanda aka gaya wa da wuri yana da lokacin neman wata mafita. Wanda aka bari sai ranar Arfa shi ne yake riƙe mutum a zuciya.

Maganar rago kuwa, ki tambayi malamin unguwarku ya tabbatar miki. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai hali, kuma Allah da kansa ya ce a ƙarshen Suratul Baƙara ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya. Rago ɗaya ya ishi maigida ya sa iyalinsa a cikin lada. Sannan kwanakin yanka uku ne, 10 da 11 da 12 ga Zulhajji. Mutane da yawa a nan suna mantawa da wannan, su je su yi ta kokawa da dillalai ana gobe Sallah, alhali sau da yawa washegari masu dabbobi sun matsu su sayar su koma Arewa, farashi yakan sassauto. Bashin da ake ci don kada maƙwabta su ce ba a yi yanka ba, shi ne yake hana barci har a shiga Muharram.

Cefane ki raba shi gida biyu. Shinkafa, mai, kayan ƙamshi da albasa ki saya tun yanzu. Tumatir da tattasai ne kawai za su jira, kuma tun da Sallah ta koma faɗowa farkon damina 'yan shekarun nan, tumatir yana tsada a kasuwar Mile 12 a daidai lokacin, don na rani ya ƙare. Ni ina haɗawa da kauɗa da na gwangwani, ba wanda ya taɓa mayar min da miya. Ki fita da asuba. Hanyar Berger kuma ki guje ta a makon Sallah in ba dole ba, saboda kasuwar dabbobi ta Kara takan sa go-sulo a titin Legas zuwa Ibadan. In kina ɓangarenmu kuma za ki shiga Oshodi ko Yaba, jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara ɗaukar mutane a 2024 yana tsayawa a Agege, ya fi zaman motar haya ta danfo sauƙi. Ɗinkin yara in bai je wurin tela ba har yanzu, ki sayi ɗinkakku ki huta.

Ranar yanka kada ki dogara da firji, kin san halin wutar garin nan. Ki yi magana da mahauci tun kafin ranar ku tsayar da kuɗi da lokaci. Ana gama fiɗa a fitar da na rabo nan take, har da na maƙwabtanmu Yarbawa, waɗanda su ma suke hidimar da suke kira Ileya, da Kiristocin gidan haya. Kayan ciki a fara gamawa da su, sauran a soya ya soyu sosai. Kuma ba ke kaɗai ba. Mu mata muna da wannan halin na cewa in ba mu muka yi ba bai yi daidai ba. Ki ba yara maza babbakar kai da ƙafa, 'yan mata wanke-wanke, baƙuwar da ta zo kwana ita ma ki miƙa mata wuƙa da tire, ba rashin karamci ba ne. Wanda ya ce zai zo da iyalinsa alhali ɗaki biyu gare ku, maigida ya gaya masa su zo wuni.

Abin da ya fi tsaya min a rai cikin tambayarki shi ne rashin barcin nan. Ki ajiye waya bayan isha'i, don saƙonnin roƙo da hotunan ragunan mutane ba sa barin zuciya ta kwanta. Ki ci abinci a kan lokaci, ki sha ruwa, musamman in kina azumin goman farko. Ki shiga kemis mafi kusa a auna miki jini, don hawan jini ba ya sallama. In kuma akwai ciwon kai da ba ya sauka, ko bugun zuciya, ko kuka haka kawai, ko rashin barcin ya ci gaba bayan Sallah ta wuce, ki je asibiti ki ga likita, kada ki tsaya shan maganin barci da kanki. Ki rubuto min unguwar da kike, in gaya miki kasuwar da ta fi kusa da ke.