Tambaya da Amsa: Ina Iyakar Halitta da Ƙirar Ɗan Adam?

Wasiƙu uku na wannan makon sun haɗu a kan batu ɗaya. Masana harhaɗa magunguna da aikin gona da muhalli ne suka ba da amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani mai magani ya ce mini duk abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa, tunda halittar Allah ne, na asibiti kuwa sinadari ne zalla. Haka ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maganar da daɗin ji, amma ba ta da tushe. Ganyen da ke bishiya da ruwan da kike sha duk sinadarai ne, kuma ƙwayar zurman da ke tsirowa da kanta tana ɗauke da gubar risin mai kisa. Maganin asibiti ma ba daga sama ya faɗo ba. Ɗan Adam bai taɓa samar da komai daga babu ba, iyakarsa ya tace, ya auna, ya haɗa.

Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro. Sinadarin artemisinin daga ganyen Artemisia annua yake, wani tsiro dangin tazargade. Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka tace shi a farkon shekarun 1970, bayan sun gane cewa zafin tafasa yana rage masa ƙarfi, kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. To me ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a jiƙa ganyen a sha a matsayin magani ba? Yawan sinadarin a ganye yana bambanta gwargwadon iri, ƙasa, lokacin tsinka da yadda aka shanya, ga shi ba ya narkewa sosai a ruwa. Kuma cikin 'yan sa'o'i yake barin jiki. Shi ya sa ake haɗa shi da wani magani mai daɗewa a jini, irin su lumefantrine, a sha sau biyu a rana har kwana 3. Idan awon ya gaza, zazzaɓi zai sauka, mara lafiya ya ɗauka ya warke, alhali ƙwayoyin cutar da suka fi taurin kai suna nan suna hayayyafa. Don haka ki tambayi mai magani abu uku: me ke ciki, nawa ne awonsa, kuma an gwada shi a kan mutane?

Tambaya: Malamai, na fi son in noma abin da yake na asali, ba wanda hannun mutum ya taɓa ba. Shin takin zamani bai saɓa wa tsarin halitta ba? Daga wani manomi.

Amsa: Malam, niyyarka kyakkyawa ce, sai dai amfanin gonar da hannu bai taɓa ba wuyar samu gare shi. Masara ta samo asali ne daga wata ciyawa mai suna teyosinte a kudancin Meziko, kimanin shekaru 9,000 da suka wuce. Zangarniyar ciyawar ba ta kai tsawon yatsa ba, ƙwayoyinta 5 zuwa 12 ne, kowace cikin ɓawo mai tauri, suna zubewa da kansu in sun nuna. Manoma ne suka yi ta ware iri mai kyau, kaka bayan kaka, har aka sami goyon da ƙwayoyinsa ke manne ƙam cikin ganye. Yau masara ba ta iya watsa irinta sai da mutum, mutum kuma ya dogara da ita. A ganinmu, wanda ya nemi ya ja layi a nan ya ce ga inda halitta ta ƙare, ga inda ƙira ta fara, zai sha wahalar banza.

Batun taki kuwa, kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma yawancin tsirrai ba sa iya ɗaukarsa daga iska. A 1909 Fritz Haber na Jamus ya nuna yadda za a mayar da shi amoniya, sinadarin da ake yin takin zamani irin su yuriya da shi, Carl Bosch ya kai aikin masana'anta a 1913. Saiwa ba ta tambayar daga ina naitirojin ya zo, na kashin dabba ne ko na buhu, siffa ɗaya take tsotsa. Bambancin yana wajen ƙarfi da sauri. Yuriya kashi 46 cikin 100 ɗinta naitirojin ne, kuma nan take take narkewa. Kashin shanu kuwa ɗan kaɗan yake ɗauke da shi, yana saki a hankali, yana kuma ƙara wa ƙasa laushi da riƙon ruwa, abin da yuriya ba ta yi ko kusa.

Ɓarnar daga yadda ake zubawa take. In aka watsa yuriya a bisa ƙasa aka bar ta a rana, wani kaso zai tashi iska. In ta taɓa iri ko jikin shuka, ta ƙone shi. In ta yi yawa, ruwan sama ya kwashe ta zuwa kogi, gansakuka ta yi yawa, ta ruɓe, ta cinye iskar ruwan, kifi ya mutu, kamar yadda ake gani duk shekara a Tekun Meziko kusa da bakin kogin Misisifi. Ka raba takin zamanin kashi biyu, ka binne shi zurfin kamar santimita 5 a ɗan nesa da gindin shuka lokacin da ƙasa ke da danshi, kuma kada ka daina mayar da kara da kashin dabba gona.

Tambaya: Tunda duk inda mutum ya sa hannu sai ya ɓata, ba gara mu ƙyale duniya ta tafiyar da kanta ba? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗalibi, hujjarka tana da shaidu. A 1958 ƙasar Sin ta yi gangamin kashe gwara don tana cin hatsi. An manta tana cin ƙwari, fara ta samu sarari, aka dakatar da kisan a 1960. A 1935 aka kai kwaɗi kusan 100 daga Hawai zuwa Ostareliya don su cinye ƙwarin rake. Ƙwaro yana can saman kara, kwaɗo yana ƙasa. Suka bazu, gubar jikinsu tana kashe macizai da ƙadangarun da suka ci su, har yau an kasa kawar da su.

Amma cutar agana ma halitta ce, kuma da allurar rigakafi aka kawar da ita, aka tabbatar da haka a 1980. Ba mu san mai cewa da an ƙyale ta ba. Janye hannu ma ba zai yiwu ba, domin muna ci, muna sha, muna numfashi a cikin wannan tsarin, amana ce a wuyanmu ko mun so ko mun ƙi.

Abin da ya haɗa kuskuren gwara da na kwaɗi shi ne gaggawa, da yin abu a faɗin ƙasa gaba ɗaya ba gwaji. Kafin a kashe wata halitta ko a shigo da baƙuwa, a binciki abin da take ci da abin da ke cin ta, a duk matakan rayuwarta, domin gwara mai cin hatsi da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. A gwada a ƙaramin fili, a bar wani a gefensa ba a taɓa ba don kwatanci, a jira fiye da damina ɗaya. Sannan a tambaya ko ana iya warware aikin in ya ɓaci. Feshi ana iya dainawa gobe. Dabbar da ke hayayyafa kuwa, in an sake ta a daji, ba mai iya tattaro ta, shi ya sa ita ce ta fi buƙatar dogon gwaji a killace kafin a buɗe mata ƙofa.