Hukuncin sallamar tsofaffin 'yan wasa idan ƙungiya ta shiga matsi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina cikin kwamitin da ke tafiyar da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa da gwamnatin jiharmu ke ɗaukar nauyinta. Bana muna can ƙasan teburi, kuɗi kuma sun yi ƙaranci. Muna da tsofaffin 'yan wasa 4 masu manyan albashi, su suka ɗaga sunan ƙungiyar a da, amma yanzu ƙafa ta yi sanyi. Biyu kwantiraginsu ya kusa ƙarewa, biyu da sauran shekara guda. Yaranmu matasa suna bin mu albashin wata 3. Wasu a kwamiti sun ce a ajiye tsofaffin a benci, a riƙe albashinsu har su gaji su tafi da kansu. Wasu sun ce butulci ne a sallame su. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tambaya tun kafin ku zartar, domin da yawa sai sun aikata suke neman fatawa.

Ba zan tsaya kan halaccin wasan kansa ba. Abin da na tafi a kai shi ne ya halatta matuƙar an kiyaye salla, an rufe al'aura, babu caca a ciki. Tunda haka ne, yarjejeniyar da ke tsakanin ƙungiya da ɗan wasa ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, shi kuma ɗan wasa shi ne malaman fiƙihu ke kira ajirun khass, wato wanda aka ɗauki lokacinsa kacokan na wani wa'adi. Ijara kuwa ƙulli ne lazimi a mazhabobin nan huɗu, ɓangare ɗaya ba ya warware shi don kawai ya ga ba ya cin riba. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura."

To, tsofaffin 'yan wasan nan huɗu hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Biyun da ke da sauran shekara, albashinsu wajibi ne a kanku har wa'adi ya cika. Ajirun khass yana cancantar ladansa da zarar ya miƙa kansa ga aiki, ko an sa shi aikin ko ba a sa shi ba. Ɗan wasan da ke zuwa atisaye kan lokaci, yana bin umarnin koci, ya sauke nasa. Ba ku ƙulla da shi cewa sai ya ci ƙwallo kaza ba, kuma ranar da kuka sa hannu kun san shekarunsa. Ajiye shi a benci don koci ya ga wani ya fi shi a ranar wasa, wannan aikin koci ne, babu laifi. Amma ajiye shi don a ƙuntata masa, a riƙe albashinsa, a mayar da shi atisaye da yara don ya ji kunya ya tattara ya tafi, wannan haramun ne, kuma ina jin tsoronsa ga duk wanda ya ɗaga hannu ya amince da shi a zaman kwamiti. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Ya ce mutum uku Shi ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cif, ya hana shi ladansa. Ka dubi wanda zai tsaya maka a gaba. Ko a dokar hukumar FIFA, ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata 2 yana da damar ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, idan ba a biya ba ya soke kwantiragin ya nemi diyya. Dabarar tana iya jawo muku bashin da ya fi wanda kuke gudu.

Ƙofar da shari'a ta buɗe muku ita ce sulhu. Ku kira su ɗaya bayan ɗaya, ku buɗe musu littafin kuɗi su gani da idonsu, ku nemi ko su rage wani abu, ko a raba gari a ba su abin da aka daidaita, ko a ba da su aro ga wata ƙungiyar da za ta ɗauki wani kaso na albashin. Sharaɗin shi ne yarda ta gaskiya. Wanda aka hana wa albashi wata uku sannan aka tura masa takarda ya sa hannu, yunwa ce ta sa hannun, ba shi ba. Idan ya ce shi haƙƙinsa yake so cikakke, bai yi laifi ba, kada a ɓata masa suna a wurin magoya baya. Su ma ina yi musu nasiha da ayar Suratul Baƙara da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci zuwa lokacin yalwa, yafewa kuma ta fi alheri. Nasiha ce gare su, ba hujja ba ce a hannunku.

Biyun da wa'adinsu ya zo ƙarshe kuwa, babu abin da ya wajabta muku sabuntawa, kuma rashin sabuntawar ba butulci ba ne. A nan ma sai na ƙara da cewa kuɗin ba naku ba ne. Da ƙungiyar ta wani attajiri ce, ya ga dama ya riƙe tsohon kyaftin ɗinsa don kara, dukiyarsa ce. Ku kuwa wakilai ne a kan dukiyar jama'a, kuma ƙa'ida a wurin malamai ita ce mai riƙon al'amarin jama'a ba ya taɓa dukiyarsu sai inda maslaharsu take. Ba ya halatta ku ba mutum albashin 'yan wasa biyar don jin nauyinsa, ko don tsoron ihun 'yan kallo, ko don yana da uban gida a sama.

Sai dai kada ku mayar da shekaru ma'auni. Ma'aunin yana cikin Suratul Ƙasas: mafi alherin wanda za ka ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi, amintacce. Rabi'u Ali na Kano Pillars ya haura shekara 40 yana zura ƙwallo a gasar Firimiyar Najeriya. Ƙungiyar da ke tangal-tangal sau da yawa tana buƙatar babba a fili wanda zai kwantar wa yara hankali idan an zura musu ƙwallo a gidan wasu. Wannan fannin koci ne, ni ba nawa ba ne. Ku tambaye shi, ku ce ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. Idan ya ce akwai amfani, ku sabunta da albashin da aljihunku zai ɗauka. Idan ya ce babu, ku sanar da mutum da wuri, tun kasuwar 'yan wasa ba ta rufe ba.

Masu maganar butulci suna da gaskiya ta wani gefen. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ce ba a yi masa adalci ba idan aka ci ƙuruciyarsa aka yar da shi da tsufa, ya sa aka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. Wanda ya ƙarar da gwiwoyinsa a rigarku ya cancanci sallama ta mutunci. Idan akwai gurbi na gaske a horar da yara ko neman sababbin 'yan wasa, kuma ya iya, shi ya fi cancanta da shi.

Abin da ya fi tsaya min a tambayarka, ɗan'uwa, shi ne wanda ka ambata a wuce: albashin wata 3 na matasan nan. Wannan bashi ne da ya riga ya hau kanku, yana gaba da duk wani sabon kwantiragi, na tsoho ko na sabon saye. Yaro ya baro garinsu, wataƙila shi ke ciyar da mahaifiyarsa, ba shi da bakin magana saboda tsoron a kore shi. Duk kuɗin da ya fara shigowa daga gwamnati ko kuɗin ƙofa, da su za a fara. Idan bai isa kowa ba, a raba gwargwadon bashin kowa, a rubuta sauran, a sa ranar biya.

Wallahu a'alam.