Tambaya da Amsa: Koyar da Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman a Jami'a

Tambaya: Ina koyarwa a jami'a. A ajina akwai makaho, akwai wadda ba ta ji sosai, da wasu da karatu ko tattara hankali ke ba su wahala. Ta ina zan fara? Daga wata malama.

Amsa: Malama, fara da takardun darasi, nan aka fi yin ɓarna. Idan kika ɗauki hoton shafin littafi kika mayar da shi PDF, manhajar da ke karanta wa makaho allo, irin su NVDA da JAWS, ba za ta iya karanta shi kai tsaye ba, hoto kawai take gani. Gwada jan linzamin kwamfuta a kan rubutun. In bai haskaka ba, sai a sake buga shi. A Word kuma, yi amfani da tsarin kanun da ke cikinta, da su makaho ke tsallakawa daga sashe zuwa sashe. Masu larurar disleksiya, wato wahalar karatu da rubutu, sun fi sakewa da rubutu irin Arial, girma 12 zuwa 14, tazarar layi 1.5.

Ki raba takardun kwana ɗaya ko biyu kafin lacca, ga kowa da kowa. Kada ki jira takardar likita, don da yawa ba a taɓa duba su ba, wasu kuma kunya ke hana su magana.

A aji, kada ki yi magana kina fuskantar allo, mai karanta leɓe ta rasa ki ke nan. Maimaita duk tambayar da aka yi daga baya. Maimakon “ga shi kuna gani”, faɗi abin da ke jikin hoton. Aikin gida kuwa a rubuta shi dalla-dalla: yawan kalmomi, rana, lokaci, rabon maki. Umarni mai harshen damo yana rikita mai larurar otizim (larurar da ke shafar mu'amala da fahimtar zance) ƙwarai.

Tambaya: Ƙarin lokacin jarrabawa ga masu buƙata ta musamman ba son kai ba ne? Daga wani malami.

Amsa: A'a, Malam. Tambayoyin ɗaya ne, ma'aunin maki ɗaya. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ya tanadi irin wannan sassauci. Jami'o'i da dama na ƙara minti 15 a kowace awa. Sai dai in an bar ɗalibin a babban zaure, hayaniyar masu fita za ta cinye lokacin. A ba shi ɗaki daban, a kuma duba jadawali kada ƙarin ya shiga jarrabawa ta gaba.