Tambayoyin waya: kafin ka ɓoye roba a fak ɗin gwamnati

Salamu alaikum 'yan uwa. Saƙonnin wannan makon sun taru amma akwai guda ɗaya da ya tsaya min a rai, da shi zan fara.

Tambaya: Wani matashi daga Agege ya ce, "Malam na ga wasan jiyokashin a YouTube, wanda ake ɓoye abu a ba mutane lambobin GPS su je su nemo da waya. Na sayi roba na saka takarda da biro, ina so in ɓoye ta a JJT Park, wurin shaƙatawa na Alausa, ranar Asabar. Tunda a ƙasashen waje ma hukumomin gwamnati ne ke shirya shi, ai babu matsala ko?"

Amsa: Ƙanina dan Allah ajiye robar nan tukuna. Wasan yana da kyau, ni ma ina son sa, ya fara ne a watan Mayu na 2000 bayan gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS ga farar hula, wani mutum Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a jihar Oregon ya saka lambobin wurin a intanet, yau akwai sama da miliyan 3 irinsa a duniya. Kuma gaskiya ka faɗa, hukumomin wuraren shaƙatawa na jihohi kamar Teksas da Minesota sun shiga ciki da kansu saboda yana jawo musu baƙi da iyalai. Amma rabin labarin ka ji. Waɗannan hukumomin su ne ke cewa ga inda za a ajiye ga inda ba za a ajiye ba, kuma hukumar gandun daji ta ƙasa a Amurka ba ta yarda ka ajiye komai a filinta ba sai da izini. Shi kansa shafin intanet na wasan, Geocaching, dokarsa ce sai mai wuri ya yarda, ba a tona ƙasa, kuma tsakanin ɓoyo da ɓoyo sai an bar tazarar mita 161.

To yanzu duba inda ka zaɓa, Alausa, dab da sakatariyar gwamnatin jiha. Ka ɗauka mai gadi yana zaune a kujerarsa ya hango saurayi yana ta zagaya bishiya ɗaya ido a kan waya, ya waiga hagu ya waiga dama, ya durƙusa ya tura wani abu ƙarƙashin benci ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya wuce da sauri. Me kake so ya zata? Ko bam ko asiri, babu na uku. Ko a Ingila an yi haka, a garin Wetherby a 2011 sai da aka rufe titi masu kwance bam suka fasa wani akwati, ashe na wannan wasan ne. Can kenan inda wasan ya shahara, balle nan Legas da kafin ka buɗe baki ka ce jiyo me, taro ya riga ya kewaye ka. Kuma kada mu yaudari kanmu, mun san yadda ake saurin zargin ɗan Arewa a garin nan, wallahi ba na so in ji an taɓa yaron mutane a kan robar abinci da biro.

Hanyar a fili take. Fak ɗin yana ƙarƙashin LASPARK, hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta jihar Legas, ku haɗu ku uku ko huɗu ku rubuta takarda ku bayyana wasan, ku ce za ku haɗa da kwashe shara, dama masu wasan suna da wannan al'adar da suke kira CITO, ita ce ma ke sa hukumomi su saki jiki da su. In sun amince a rubuce ka ɗauki hoton takardar ka bar shi a waya, ka gabatar da kanka ga masu gadi, robar ta zama mai garai-garai da ake ganin cikinta, ka rubuta mene ne a jikinta. In ba su amince ba shi kenan ka haƙura, akwai nau'in EarthCache da ba a ajiye komai, zuwa kawai ake yi a amsa tambaya kan duwatsu ko ƙasar wurin. Kuma kai da ba ka taɓa nemo ko guda ɗaya ba me kake ci na baka na zuba? Fara da nema.

Tambaya: Wata 'yar uwa daga Idi-Araba ta ce shuɗin ɗigon da ke nuna inda take a Google Maps yana ta tsalle in ta shiga kasuwar Balogun.

Amsa: Hajiya wayarki lafiya lau. Dogayen gine-gine da rumfunan kwano ne ke tare siginar tauraron ɗan adam, a fili ma kuskuren kamar mita 5 ne. Kunna Wi-Fi ko da ba ki haɗa da komai ba, ki juya wayar a iska kamar kina zana lamba 8.

Tambaya: Wani daga Mile 12 ya ce lokeshin yana shanye masa caji da data.

Amsa: GPS shi kaɗai ba ya cin data, taswirar ce ke ci. Sau nawa zan faɗa, sauke taswirar Legas gaba ɗaya ka ajiye a waya, ka rage hasken sikirin, sannan ka hana manhajojin da ba ruwansu da inda kake bin diddiginka.

Tambaya: Wani bawan Allah daga Obalende yana tambaya nawa ake samu in an gano ɓoyon.

Amsa: Alhaji ba rijiyar mai ba ce. Takarda ce a ciki za ka sa suna da kwanan wata, wani lokacin da ɗan maɓalli ko abin wasan yara, in ka ɗauka ka ajiye wani a madadinsa. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin rajista za ka haƙo dala, ɗan damfara ne, yi bulokin ɗinsa.