Filin Tambaya da Amsa: Tsadar Hannun Jarin Masu Ƙera Cip da Arahar Kayan Lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan ji a labarai cewa darajar kamfanin Nvidia ta haura dala tiriliyan huɗu, alhali ni a iya sanina waya da rediyo da sauran ƙananan kayan lantarki sun daɗe suna ƙara araha. Idan cip ne ke cikin waɗannan kaya masu araha, daga ina wannan dukiya mai yawa take fitowa wa masu ƙera shi? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu shiga batun cip, wato ɗan ƙaramin silikon ɗin nan da ke yi wa na'ura lissafi, wanda masu gyara ke kira ayisi, ya kamata mu fayyace abin da ake nufi da darajar kamfani. Ana ɗaukar farashin hannun jari ɗaya a kasuwa a ranar, a ninka shi da adadin hannayen jarin kamfanin gaba ɗaya, abin da ya fito shi ne darajar. Ba kuɗi ne da ke ajiye a wani asusu ba, kuma da dukkan masu hannun jarin za su fito sayarwa rana ɗaya, da ba za su sami ko kusa da wannan adadi ba. Wanda ya sayi hannun jari dala 40, alhali ribar da ke faɗowa kan wannan hannu a shekara dala ɗaya ce, ya san cewa sai bayan shekara 40 kuɗinsa zai dawo idan ribar ta tsaya a inda take. Abin da ya sa ya saya duk da haka shi ne yana kyautata zaton ribar za ta ninka nan gaba kaɗan. Saboda haka farashin hannun jari yana auna fatan masu zuba jari game da gobe fiye da yadda yake auna cinikin yau.

An kafa Nvidia a Amurka a 1993, kuma shekaru da dama an san shi ne da ƙera cip ɗin da ke zana hotuna a wasannin kwamfuta. Daga baya aka gano cewa irin wannan cip, mai iya yin dubban ƙananan lissafai a lokaci guda, shi ne ya fi dacewa da horar da ƙirƙirarriyar basira. Da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, ya fito a watan Nuwamba na 2022, sai manyan kamfanoni irin su Microsoft da Amazon da Google da Meta suka shiga rige-rigen gina cibiyoyin sarrafa bayanai, kowa yana neman kaya iri ɗaya daga hannun mai sayarwa ɗaya, wato Nvidia. Darajar Nvidia ta kai dala tiriliyan ɗaya a 2023, ta wuce tiriliyan uku a watan Yuni na 2024, ta kai tiriliyan huɗu a watan Yuli na 2025. Cip ɗaya daga cikin manyan da yake sayar wa waɗannan cibiyoyi yakan ci dubban daloli masu yawa, kuma a cikin kowace dala 100 ta ciniki, kusan 75 ne ke saura bayan an cire kuɗin ƙera kayan, kafin a cire albashi da bincike da haraji. Ka ga ke nan, Malam, ba daga aljihun mai sayen ƙaramar waya wannan dukiya take fitowa ba.

Cip ɗin da ke cikin waya mai araha kuwa, labarinsa daban ne, kuma a ganina shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne ya taɓa rayuwar mafi yawan mutanen duniya. Galibin irin waɗannan wayoyi, ciki har da da yawa daga cikin Tecno da Itel na kamfanin Transsion da ke Shenzhen, suna aiki ne da cip na MediaTek na Taiwan ko na Unisoc na Sin. Waɗannan kamfanoni ba sa fara komai daga tushe. Suna karɓar lasisin tsarin cip ɗin daga kamfanin Arm da ke Kambirij a Ingila, su haɗa abin da waya ke bukata a kan cip guda, sannan su miƙa wa mai masana'anta ya buga musu. Sau da yawa ana buga shi ne a layukan masana'anta da suka kwana biyu, waɗanda tuni suka mayar da kuɗin gina su. A kan faifan silikon guda mai faɗin milimita 300 ana fitar da ɗaruruwa ko dubban ƙananan cip, don haka kuɗin da ke faɗawa kan kowane ɗaya kaɗan ne ƙwarai. Ribar da ke kan kowace waya ba ta taka kara ta karya ba, yawan da ake sayarwa ne ke riƙe kasuwar.

Wannan araha tana da dogon tarihi. A 1965 Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Intel, ya lura cewa yawan tiransistocin da ake iya cusawa a kan cip guda, wato 'yan ƙananan makunnan lantarkin da cip ke lissafi da su, yana ninkawa a kai a kai, kuɗin kowane ɗaya kuma yana raguwa. Cip ɗin Intel 4004 na 1971 tiransista 2,300 ne a cikinsa, na wayar yau kuwa biliyoyi ne. Abin da ya kasance na masu hannu da shuni shekara goma da suka wuce, shi ne yake gangarowa ya zama na kowa a yau. Da haka ne aka iya fito da kwamfutar Raspberry Pi a kan dala 35 a 2012, da ƙanwarta Pi Zero a kan dala 5 a 2015.

Inda ɓangarorin biyu suke haɗuwa shi ne ƙofar masana'anta. Nvidia ba ya buga cip da kansa, haka ma MediaTek. Dukansu suna dogara ƙwarai da TSMC, kamfanin da Morris Chang ya kafa a Taiwan a 1987 domin ya riƙa buga wa wasu abin da suka zana. Shi kuma TSMC, idan zai buga mafi ƙanƙantar tiransista, sai da injin kamfanin ASML na Holan, wanda babu wani mai ƙera irinsa a duniya, kuma guda ɗaya yakan haura dala miliyan 150. Duk inda aka ce hanya ɗaya ce tilo kowa zai bi, a nan riba take taruwa, a nan kuma hannun jari yake tsada.

Tambaya: Shin wannan rububi na ƙirƙirarriyar basira zai iya sa wayoyi da kwamfutoci masu araha su yi tsada? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Zai iya, 'yar'uwa, kuma ƙofar da abin yake shigowa ita ce memori, wato cip ɗin da ke riƙe bayanai yayin da na'ura take aiki. Kamfanoni uku ne suka mamaye wannan kasuwa: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Cibiyoyin sarrafa bayanai suna bukatar wani nau'in memori mai sauri mai tsada, kuma duk faifan silikon da aka karkatar zuwa gare shi, an rage wa na waya da na kwamfutar gida ne. Shi ya sa farashin memori ya tashi sosai a ƙarshen 2025. Mai ƙera waya mai tsada yana da ribar da zai iya haɗiye ƙarin a cikinta, amma mai ƙera ta araha ba shi da wannan sarari, sai dai ya ƙara kuɗi ko ya rage girman memorin. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna a cikin lamarin, domin wanda ke sayen waya mafi araha shi ne wanda ƙarin 'yan daloli zai iya hana shi mallakarta gaba ɗaya.

An ga makamancin haka tsakanin 2020 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan cip na tsofaffin layuka ya tsayar da masana'antun motoci a ƙasashe da dama. Sai dai kasuwar memori ta saba da hawa da sauka. Idan farashi ya tashi, kowa ya gina sabuwar masana'anta, bayan 'yan shekaru kaya su yi yawa, farashi ya faɗi, kamar yadda ya faru a 2023 har SK Hynix da Micron suka tafka asara.

Tambaya: Wasu suna cewa tsadar waɗannan hannayen jari kumfa ce da za ta fashe. Mene ne ra'ayinku? Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Alhaji, ribar da Nvidia da TSMC suke samu ta gaske ce, tana rubuce a rahotannin da suke fitarwa duk wata uku. Amma kamfani yana iya zama nagari, hannun jarinsa kuma ya yi tsadar da ta wuce kima. A watan Maris na 2000, Cisco, mai ƙera na'urorin da intanet ke gudana a kansu, ya zama kamfani mafi daraja a duniya da sama da dala biliyan 500. Intanet ta bunƙasa kamar yadda aka yi hasashe, Cisco ya ci gaba da ciniki, amma hannun jarinsa ya zube da fiye da kashi 80 cikin 100 kafin ƙarshen 2002, kuma ya shafe sama da shekara ashirin bai koma farashinsa na farko ba. Intel, wanda ya daɗe yana jan ragamar wannan sana'a, ya dakatar da rabon riba ga masu hannun jari a 2024. A ranar 27 ga Janairu na 2025 kuma, da labari ya bazu cewa kamfanin DeepSeek na Sin ya horar da ƙirƙirarriyar basira da kuɗi kaɗan, Nvidia ya yi asarar kusan dala biliyan 600 na darajarsa a yini ɗaya, ko da yake daga baya ya farfaɗo.

Ra'ayina shi ne haɗarin yana cikin ƙarancin masu sayen. Kaso mai tsoka na cinikin manyan cip yana fitowa ne daga 'yan kamfanonin da ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, kuma Google da Amazon da Microsoft sun riga sun fara zana nasu cip domin rage dogaro da Nvidia. Idan kana bibiyar wannan kasuwa, ka riƙa duba nawa waɗannan kamfanoni suka ce za su kashe wajen gina cibiyoyi a shekara mai zuwa, sannan ka duba ko kuɗin da suke samu daga ƙirƙirarriyar basira ya fara kusantar abin da suke kashewa.