Tsohuwar motar gudu: a hau ta, ko a rufe ta a jira kuɗi?

Tun da hotunan gwanjon tsofaffin motoci suka fara yawo a WhatsApp, tambayoyin da ke zuwa wa wannan fili suka sake kama. Da ana tambayata wace Corolla ce ba ta shan mai, yanzu kuwa kowa ya tuna da wata mota da ke kwance a bayan gida. Na ɗauko uku daga ciki.

Daga Garwa: "Mahaifinmu ya rasu ya bar Peugeot 504 mai ƙofa biyu, wadda ya saya a hannun wani Bafaranshe da ya yi aikin auduga a nan. Shekara tara ke nan tana lulluɓe da tamfol. Wani dillali ya taso tun daga Duwala ya taya ta miliyan 2 na sefa. Yayanmu ya ce a bar ta yadda take, kuɗinta ƙaruwa yake yi. Ni kuma so nake in gyara ta in riƙa hawa. Mu bakwai ne magada. Ina mafita?"

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Ƙanena, ruwa ba ya tsami banza. Mutum ba zai baro Duwala, ya kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare, ya gangaro dutsen nan mai kwana-kwana har Garwa, saboda fijo irin wadda muka sani a tasha ba. An ƙera 504 sama da miliyan 3, har a Kaduna an yi shekaru ana haɗa ta. Amma mai ƙofa biyun nan daban take. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta kuma ya ƙera bodinta, daga 1969 zuwa 1983, kuma duka-duka, har da masu buɗaɗɗen rufi, ba su kai dubu 40 ba. Irinta ce mai injin V6 Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1978. Turawa na nemanta, kuma in tana da lafiya, takardunta cikakku, kuɗin da take yi a Faransa ya wuce abin da aka taya muku nesa ba kusa ba. Don haka kada ku yi gaggawar cewa "Allah ya ba da sa'a".

Yayanka yana da gaskiya ta wannan fuskar. Inda na rabu da shi shi ne batun a bar ta yadda take. Mota ba zinare ba ce da za a ƙulle a adaka a ɗauko bayan shekara ashirin yana nan yadda yake. Wadda Bature ke ajiyewa tana cikin ɗaki mai sanyi, ana tayar da ita, ana zagayawa da ita, ana canza mata mai ko ba ta je ko'ina ba. Taku kuwa tana shan ranar Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce maki 40, sannan damina ta zo tamfol ya riƙe laima a jikinta.

Na taɓa raka wani abokina ganin wata Marsandi mai buɗaɗɗen rufi da aka rufe haka a gindin dogon yaro. Da muka ɗaga tamfol ɗin, fentin yana nan da sauran ƙyallinsa, har maigidan ya yi murmushi. Da aka buɗe bonet sai ga sheƙar ɓeraye a kan injin, sun tara ɓawon gyaɗa da tsummoki, sun gaigaye wayoyin har jan ƙarfen ya fito. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Na ɗaga shimfiɗar ƙasa ta ɓangaren direba, na danna da babban yatsa, ƙarfen ya ɓurme kamar busasshen ganye, ina hango yashi ta ramin. Maigidan ya daɗe tsaye bai ce uffan ba. Shi a zuciyarsa adana ta yake yi.

Abin da zama ke yi wa mota ke nan. Robobi su bushe su tsattsage, man birki ya sha laima ya ci bututunsa, fetur ɗin da ya kwana a tanki ya zama kamar ƙaro ya toshe hanyoyin mai, tayoyi su yi kwanciya gefe guda. A 504 mai ƙofa biyu tsatsa ce babbar abokiyar gaba, domin kayan injin da na ƙafa da yawa iri ɗaya ne da na fijon da kowane bakanike ya sani, amma ƙofa, gilashi, fitilu da sauran bodi ba sa shiga da na mai ƙofa huɗu. In suka lalace sai an yi odarsu daga Turai, in ma an samu.

Ga yadda nake ganin za ku yi. Da farko a raba gardamar gado da gardamar mota. Ku ɗauki hotonta ciki da waje da ƙarƙashi, da lambar shasi da ta inji, ku nemo kat giris, wato takardar rajistar motar, da duk wata takarda da mahaifinku ya bari, ko rasiɗin gareji ne. Ku duba nawa ake sa wa irinta, mai irin lalacewarta, a shafukan sayar da motoci na Faransa. Lissafin ba wuya, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. Ku tuna kuma cewa kuɗin can ba shi ne kuɗin nan ba, dole a cire na ɗauka zuwa Duwala, na jirgin ruwa da ribar mai saye. In kun tsayar da ƙima a gaban malamin da zai raba gadon, kai da kake son ta ka karɓe ta a cikin rabonka, ko ka biya 'yan'uwanka nasu. Kada ka kashe ko sisi a kanta tana matsayin ta mutum bakwai. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

In ta zama taka, kada ka bari wani yaron gareji ya ɗaura batir ya murza makulli don a ji ko tana tashi. A cire fulogogi, a ɗiga baƙin mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu, a juya injin da hannu. A sauke tanki a wanke, a wanke lagireto, a canza bututun birki da tayoyi ko da zanensu bai cinye ba. In tana da famfon fesa mai maimakon kafireto, ka nemi dattijon da ya san shi, kada a cire a jefar don an kasa saita shi. Kuma ka raba ta da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin titi, ka sha mai a gidan mai.

Daga nan ka hau abarka. Ba kullum ba, ba kuma cikin turmutsutsun 'yan acaɓa a bakin babbar kasuwa ba. Ranar Juma'a, ranar Sallah, ko da yamma ka tsallaka gadar Binuwai ka miƙe hanya kilomita talatin injin ya yi zafi sosai ka dawo. Wannan hawan ba ya rage mata daraja, shi ne ma yake riƙe ta.

Daga Njamena: "Ni ɗan kasuwa ne. Ina gani a Facebook tsofaffin Porsche 911 da Toyota Supra kullum sai tashi suke. Ina tunanin in shigo da ɗaya in kulle ta shekara goma in sayar, maimakon in ƙara sayen fili. Ko dabara ce?"

Alhaji, tashin gaskiya ne. A watan Mayun 2022 an sayar da Mercedes 300 SLR ƙirar 1955 a kan yuro miliyan 135, wato sama da sefa biliyan 88. Irinta mai rufi, guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa. Ferrari 250 GTO, wadda aka yi 36, an yi gwanjon ɗaya a 2018 a kan dala miliyan 48 da ɗoriya. Waɗannan na attajiran duniya ne, amma iskar ta kaɗo har kan na ƙasa da su, irin waɗanda ka ambata.

Dalilan a fili suke. Porsche ta daina yin 911 mai injin da iska ke sanyayawa a 1998, Supra ɗin da ake rububi an daina ta a 2002, kowace shekara kuma sai wasu sun yi hatsari ko sun ruɓe. Yaran da suka taso suna liƙa hotonsu a bango yau su ne masu kuɗi, suna neman motar da ake sa wa giya da hannu, a ji kukan injinta. Ga kuma dokar Amurka da ke ba da damar shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarsu ba in ta cika shekara 25, shi ya sa motar Japan da ake rububi in ta kusa wannan shekarun sai kuɗinta ya yi sama.

To amma abin da ba a nunawa a Facebook shi ne faɗuwa. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988 farashin motocinsa ya haukace, mutane suka ci bashin banki suna saye. Farkon shekarun 1990 kasuwar ta rushe, wasu motocin suka rasa fiye da rabin kuɗinsu, aka yi shekaru kafin su farfaɗo. Ko tsallen da aka yi lokacin korona ya lafa daga baya. Wanda ya ci riba shi ne wanda ya saya tun ba a waiwaye su ba. Kai yanzu za ka shiga ne bayan kasuwa ta cika.

Sai lissafinmu na nan. Za ka saya a Turai da kuɗin Turai, mai yiwuwa cinikin biri a sama, ka biya jirgin ruwa zuwa Duwala, ka ɗora ta a babbar mota ta ratsa Kamaru tun daga teku har gadar Ngeli da ke kan iyakar Chadi, ka biya duwan, wato kuɗin kwastan. Ranar sayarwa kuma mai sayenta ba ya Njamena, yana can inda ka ɗauko ta, sai ka sake biyan hanya. In ta isa, abin da zai fara tambaya shi ne littafin gyaranta, wane gareji ya duba ta cikin shekaru goman nan. Shekara goma ba hatimin wanda ya san motar, kuɗinta ya zube tun kafin a buɗe bonet. Fili kuwa ba ya neman batir, ɓera ba ya cin sa, kuma masu sayensa maƙwabtanka ne.

Ka tuna da zakka ma. Motar hawa ba ta da zakka, amma wadda aka saya da niyyar kasuwanci haja ce. A mazhabar Malikiyya mai ajiye haja yana jiran farashi yana fitar da zakkar shekara guda ranar da ya sayar. Ka zauna da malaminka a kan wannan.

In son motar kake yi a ranka, wannan wata magana ce, kuma ba zan hana ka ba. Ka dai san cewa cikinta a ƙasa yake, titunan unguwa da damina ba nata ba ne. 911 ɗin da ta ci tseren Paris-Dakar a 1984 sai da aka ɗaga ta aka sa mata giya mai jan ƙafa huɗu. Ni da za ka ji tawa, da ka waiwayi abin da Chadi ta fi Turai da shi: tsofaffin Land Cruiser, samfurin 40 da 60 da 80. Amurkawa na biyan kuɗi mai kauri a kan masu kyau, ga makanikai da kayan gyara a ko'ina cikin gari, kuma za ka je Abeche da ita ka dawo.

Daga Marwa: "Maigidana yana da Marsandi 190 tun aurenmu. Bakanike ya ce a cire injinta a sa na Toyota, a sake mata launi. Ɗanmu ya ce hakan zai kashe mata daraja. Wa ya fi gaskiya?"

Hajiya, ku duba lambar shasi tukuna. An ƙera 190 kusan miliyan 2, yawancinsu motocin hawa ne masu ƙwari, ba na gwanjo ba. Waɗanda ake nema su ne masu bawul 16, wato 2.3-16 da 2.5-16, irin wadda Ayrton Senna ya ci tsere da ita a Jamus a 1984. In lambar ta fara da WDB201034, ko WDB201035, ko WDB201036, to ɗanku ya yi gaskiya ƙwarai, kada a taɓa injin nan, kada a canza launi.

In ta gama-gari ce, ba za a yi asarar dukiya ba, amma duk da haka ban goyi bayan dashen ba. Injin Marsandi na wancan zamani yana karɓar gyara, kuma sau da yawa abin da ake kira mutuwar inji gaskit ne ko zoben fistin. A kai ta wurin wani bakaniken ya auna ƙarfin silindojin kafin a yanke hukunci. In kuma dole sai an canza, a ajiye tsohon injin a ɗaki, a zuba masa mai a toshe kafofinsa, a ɗora shi a kan katako kada ya taɓa ƙasa.